Magajiya da Akwatunan Tana

Ranar Juma'a, ranar hutunmu a nan Doha, in mun taso daga coci a Mesaimeer, ba na rasa samari biyu ko uku, sabbin zuwa, da za su tare ni a bakin mota su ce in nema musu aiki irin nawa. Sun ji labari wai Baba Bitrus yawon gidajen masu hali yake yi cikin sanyin esi, ya miƙa wa wata 'yar dabba tsutsa a baki, wata ya ƙare a biya shi. Su kuwa suna can suna goge gilashin otal a Lusail, ko suna tura kayan matafiya a filin jirgin Hamad har ƙafa ta kumbura. Ban ga laifinku ba, 'ya'yana. Ni ma ranar da na fara ganin ƙaton mutum da furfura ya durƙusa gaban akwatin gilas yana rarrashin abin da bai kai takalmina ba, sai da na juya baya na yi dariya. Amma tunda kun ce wasa ne, bari in ba ku labarin wasan.

Dabbar sunanta aksolotal, daga Meziko aka samo irinta. Ba kifi ba ce, ba kuma ƙadangare ba. Ku tuna talibambam ɗin da muke kamawa a kududdufi muna yara. To ita kamar shi ce, sai dai ta fito da ƙafafu huɗu, ta girma ta kai taƙi guda da ɗoriya, ta kuma ƙi barin ruwa. A kowane gefen kanta akwai geza ja guda uku, da su take numfashi. Bakinta a shimfiɗe yake kamar mai murmushi, ko cikin jin daɗi ko a bakin mutuwa, shi ya sa yaran Larabawa da na Turawa suke haukan sonta, shi ya sa kuma take mutuwa a hannunsu ba su sani ba. Abu biyu take nema a duniya, ruwa mai sanyi ƙarara da tsutsa mai rai, irin ta ƙasa da muke kira tana. Sai aka ɗauko ta aka kawo ta garin da ruwan famfo ke ƙona hannu, garin da in ka haƙa rami har ƙugu ba abin da za ka samu sai yashi da dutse. A nan muke samun na tuwo.

Ni gyaran esi ne ya kawo ni Doha daga Kafanchan. Wata rana kamfani ya tura ni wani shagon kifin ado in duba musu na'urar sanyaya ruwa, wadda 'yan sana'a ke kira cila. Na tarar ƙura ce ta toshe ta, na wanke, na ƙara mata gas, na tattara kayana zan tafi. Sai wani dattijo siriri mai hular saƙa ya ce da ni, da Hausa, in tsaya tukuna ruwan ya sauka ya gani da idonsa. Shi ne Baba Isifu, mutumin Zongon Kumasi, wanda ya haura shekara ashirin yana kula da tankunan kifi a garin nan. Ya tsare ni awa biyu muna zaune muna kallon ma'aunin zafi yana sauka a hankali. Da zan tafi ya ce ya lura ban duba agogo ba ko sau ɗaya, in ina son aiki zai yi wa kafil magana, wato mai shagon da ke riƙe da takardun ma'aikata. Gaskiyar magana agogon nawa ne ya mutu tun a jirgi, amma ban faɗa masa ba. Bayan wata huɗu na zirga-zirgar takardu na koma ƙarƙashinsa.

Aikina na farko tare da shi canjin ruwa ne a wani gida, cikin watan Agusta. Na jawo tiyo na ɗaura a famfon sanyi, mai shuɗin tambari, kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Baba ya riƙe mini hannu, ya ce in tara gwiwar hannuna a ruwan. Na tara, na janye ba shiri. Tankin ruwan gidajen nan a kan rufi yake, rana ta dafa shi tun safe, saboda haka da bazara famfon sanyi shi ne na zafi. Mutanen gari kashe hitar dafa ruwan wanka suke yi, ruwan da ya kwana a cikinta a inuwar banɗaki shi ne mai dama-dama, in kana son sanyi sai ka buɗe jan famfo. Na san haka a wajen wanka, amma a wajen aiki kaina bai kawo ba. Shi kansa wannan ba a zuba wa dabba shi kai tsaye. Sai ya kwana a jarka, a ɗiga masa maganin kulorin, a ƙara masa ɗan gishirin ma'adinai, domin ruwan teku ne aka tace har ba a bar komai a cikinsa ba. Tun daga ranar ma'aunin zafi yake rataye a wuyana.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma ba wanda ɓarawo zai waiwaya. Akwai dogon hantsaki mai dakusasshen baki, don kada ya ji mata ciwo. Akwai tiyo, da ƙaramin almakashi, da 'yan kwalaben gwajin ruwa, da 'yar kula mai ƙanƙara inda tsutsa ke tafiya cikin jiƙaƙƙen tsumma. Sai bokiti biyu da ba su taɓa ganin sabulu ba, ba kuma za su gani ba. Fatar aksolotal shan komai take yi, turare ko man shafawa ko kumfar sabulu. Ka nemi aron rigar cocina in ba ka, amma kada ka tambaye ni bokitina.

Wata uku ban taɓa hantsakin nan ba. Aikina kiwon tana ne. A bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki mai esi, Baba ya jera akwatuna shida na farin soso, irin waɗanda ake zuba kifi da ƙanƙara a kasuwa. Mafi yawan tsutsar da muke kai wa gidaje jirgi ne ke kawo ta daga waje duk mako, don haka kafil gani yake akwatunan nan cin wuri kawai suke yi, amma ya ƙyale Baba da haukansa. Ni ne mai yayyaga kwali, in jiƙa, in matse, in shimfiɗa musu. Ni ne mai bin masu shayin karak ina roƙon tukar ganye, in wanke madara da sukari tas kafin in zuba. Ɓawon ayaba da na kankana suna so, da dakakken ɓawon ƙwai. Albasa da lemo da mai da gishiri da yaji kuwa, ko kusa. Kullum da safe Baba zai ɗaga murfi ya sa in sunkuya in shaƙa. Akwati mai lafiya ƙamshin gona yake yi bayan ruwan farko, in ka ji wani abu dabam to ka riga ka makara da kwana ɗaya.

Ranar da ya miƙo mini hantsaki na ɗauka an gama wahala. Jar tsutsar da muke kiwo takan fitar da wani ruwa mai ɗaci in ta tsorata, saboda haka sai ta kwana a jiƙaƙƙen tsumma cikinta ya fita, a ɗauraye ta da ruwan sanyi, a yanke ta kada ta wuce tsawon kan dabbar. Ita kuma dabbar idonta na ado ne, motsi take ji a ruwa. Za ka sauko da hantsaki ta gaban hancinta, ka bar jelar tsutsa ta ɗan shafe ta, ka jira. In ta ga dama, wuf, ta zuƙe. In ka ja baya ka ji mata ciwo a baki. In ka saki da wuri tsutsa ta shige ƙarƙashin dutse ta mutu, gobe ruwa ya ɓaci. In ka matsa mata ta juya maka baya, kuma ta juya ke nan sai jibi. Ta farko da na ba wa abinci minti arba'in na yi a sunkuye, bayana ya riƙe, Baba yana kan kujera yana cin gyaɗa.

Wata rana aka kira mu wani dogon bene a Lusail, lokacin rabin unguwar duk ƙarafan gini ne. Matar gidan ta saya wa 'yarta aksolotal, ta zuba mata tsakuwa mai launi-launi don kyau, ta kafa mata fitila mai haske kamar ta ɗakin tiyata. Muka tarar da dabbar a saman ruwa ta karkace gefe guda, da murmushinta. Ai tunda zuƙa take yi, duk abin da ke kusa da tsutsa shi ma ya tafi, ta haɗiye tsakuwa. Baba ya sa ta cikin robar abinci da ruwa mai tsabta, ya buɗe firjin matar ya ajiye ta kusa da kindirmo. Sanyi yana rage mata gudun jiki ta huta, cikin ya saki a hankali. Mai aikin gidan ta ce ita kam ba za ta ƙara buɗe firjin nan ba sai an fitar da aljanin. Kwana takwas muna zuwa muna canza ruwa, har ta kasayar da tsakuwa huɗu, biyu shuɗi biyu ruwan hoda. Matar ta sa a kwalba ta ajiye.

Masu gidajen kala-kala ne. Akwai mai kiranka hankali a tashe wai ta mutu, tun safe ba ta motsa ba, ka je ka tarar da ita lafiya lau, zaman banza take yi, wanda shi ne sana'arta. Akwai mai so ka ba ta abinci a gaban baƙi kamar wasan kura. Akwai wanda yake son dabbar amma ba ya son ganin tsutsa a gidansa, sai ka ɓoye kula a ƙarƙashin riga kamar mai fasa-ƙwauri. Duk sai ka yi haƙuri da su, domin yawancinsu ba mugunta ba ce, rashin sani ne.

A cikin ɗakin akwatunan nan akwai tanki ɗaya da ba na shago ba. Wasu Turawa ne da za su koma gida suka bar wa Baba wata farar aksolotal, ya raɗa mata suna Magajiya, domin a Zongo haka ake kiran shugabar mata, wadda ba a yi mata gardama. Sunan ya bi ta. Sauran dabbobin in an matsa musu sukan karɓi busasshen abincin gwangwani, mai kama da ƙwayar magani. Ita kuwa Baba ya sangarta ta, in abu ba ya motsi da ransa ba ta san shi ba. Hausar Zongo ba ruwanta da mace ko namiji, saboda haka kullum ya shigo gaisuwarsa ɗaya ce, Magajiya ya ci? Sai ya ji amsa sannan ya tambayi lafiyata.

Gab da korona ta rufe duniya aka yi masa rasuwar ƙane a Kumasi, ya ɗauki hutun mako uku. Ranar da zai tafi ya zagaya da ni shagon ya nuna mini komai kamar ban shekara huɗu a wurin ba. Da muka zo ɗan ɗakin ya tsaya.

"Bitrus, kifin shago na kafil ne, in ya mutu ya sayi wani. Wannan nawa ne. In dawo in same shi."

Na ce masa ya tafi da kwanciyar rai, mako uku ai kamar gobe ne.

Bai cika mako biyu ba aka rufe hanya. Jirgin da ke kawo mana tsutsa ya daina kawowa. Gidaje wajen talatin masu aksolotal suka dawo kan akwatuna shida. Ba a shiga gidan kowa, sai in ajiye 'yar roba a bakin ƙofa in buga waya in koya wa mai gida riƙon hantsaki, ina daga cikin mota da takunkumi. Na lallaɓa yawancinsu suka koma abincin gwangwani, amma duk da haka akwatunan sai raguwa suke yi, masu karak kuma sun rufe, ba tukar shayi. Na ƙudurta a raina sai na sa tsutsar nan ta hayayyafa da sauri, Baba ya dawo ya ga abin da na iya.

A lokacin an rufe kicin ɗin masaukinmu, kamfani na kawo abinci a leda, shinkafa da miyar kori mai yaji safe da yamma har ta gundure mu. Sai ka ga rabi a kwandon shara. Ni ɗan manomi ne, ganin shinkafa a shara ciwo ne a wurina. Na tara ta bokiti guda, na wanke ta sau uku, na ce ai mai da yaji sun tafi. Na san doka sarai, ni na fi kowa shaƙar akwatunan nan, amma na ce wannan lokaci dabam ne. Na zuba musu ranar Alhamis, hannu a sake, duka shidan. Na ja ƙofa na tafi hutun ƙarshen mako ina jin kaina gwani.

Ranar Lahadi tun daga bakin shago wari ya tare ni. Shinkafar ta yi tsami ta ɗau zafi, in ka sa hannu a akwati kamar tukunyar daddawa. Waɗanda suka iya gudu sun haura sun bushe a kan tayil, sauran sun narke a ciki. Na zube a ƙasa na kifar da akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ina tona da yatsa, duk mai motsi in ɗauraye in sa a sabon kwali. Da na gama na ƙirga, arba'in da uku. Daga dubbai. Magajiya tana can cikin tankinta ta zubo mini ido, da murmushin nan nata.

Nan ne sana'ar take, ku da kuke cewa wasa ne. Magajiya kan ci biyu duk bayan kwana biyu. In na bi haka, kafin wata biyu ba tsutsa ba Magajiya. In na hana ta, yunwa ta kashe ta kafin su hayayyafa, domin ƙwan tana, mai kama da ƙwayar dawa, sai ya yi wajen mako uku yake ƙyanƙyashewa, 'ya'yan kuma su yi wata biyu ko fiye kafin su zama abin kirki. A gidanmu irin masara a saman murhu ake rataye shi, ko cikin watan yunwa muna kuka mahaifina ba ya bari a taɓa. Na yanke mata ɗaya duk mako. Na sauke cila har ƙasa don sanyi ya rage mata gudun jiki. Tsakanin nan na yanka jatan lande siri-siri, na yanka tsokar kifi, ina kaɗa hantsaki ina kwaikwayon tsutsa har na ƙware. Sai ta zuƙa, ta riƙe a baki kamar mai tunani, ta tofar, ta juya mini baya.

Lafiyayyar aksolotal in ka leƙa ta ta sama, faɗin cikinta daidai yake da faɗin kanta. Mako na huɗu Magajiya ta zama kai da jela. Gezar nan ja ta koɗe ta tsuke. Baba kuwa duk Lahadi sai ya kira ni ta bidiyo, in kafa waya a jikin gilas daidai fuskarta, ya yi mata surutu, in ce masa komai lafiya. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, amma kowane mako sai in ce bari na gaba, in abu ya gyaru ba sai ya sani ba. A mako na shida na sauko mata da rabonta ko kai ba ta ɗaga ba. Ranar ya kira.

"Bitrus, fuska na gani. Fuskan nan ba ya faɗin komai. Ɗaga wayan sama, in ga bayanshi."

Na ɗaga. Ya ga ramar da idonsa. Sai na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya tambaye ni abin da na zuba wa akwatunan, na ce shinkafa da kori, amma na wanke. Ya maimaita kalmar kori sau biyu a hankali.

"Nawa ya rage?"

"Talatin da bakwai, Baba, da 'yan ƙwai."

"Ba ka ba shi duka ba?"

"A'a. Iri ne."

"To shi ke nan. Kai wawa ne, amma manomi ne. Ka san Sista Rahila na cocinku?"

Na san ta mana, nas ce 'yar Filato, a bencin gabana take zama. Abin da ban sani ba shi ne shekaru da suka wuce ta taɓa shiga shagonmu neman taki saboda yakuwa da rama da take shukawa a tukwane, Baba ya haɗa mata bokitin tana ta ajiye a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, tana zuba musu ɓawon kayan miya suna ba ta taki. Haka ya yi wa wasu gidaje biyu. Duk bayan 'yan watanni ya ce mini zai je gaisuwa, ashe duba garkensa yake zuwa yi. Bai taɓa yarda ya tara irinsa duka a ɗaki ɗaya ba, bai kuma faɗa mini ba domin ban taɓa tambaya ba.

Sista Rahila a ɓangaren masu korona take aiki a lokacin, ko 'ya'yanta ba ta bari su matso ta. Na same ta da rana ta dawo daga aiki, ba ta buɗe ƙofa duka ba. Ta turo bokitin waje da sandar goge ɗaki, sai na ga ta ɗago kwalbar feshin kashe ƙwayar cuta za ta fesa masa don ta kare ni. Na daka mata tsawa irin wadda ban taɓa yi wa mace ba, har maƙwabci ya leƙo. Ta tsaya da kwalba a hannu, ta ce ta cikin takunkumi, yau ta ga ikon Allah, ita da ke kwana tana ceton mutane an zo har gida ana yi mata ihu a kan tsutsa. Na ba ta haƙuri. Ta ce in ɗebi rabi in dawo mata da bokitinta, yakuwarta ma rai gare ta. Da na ɗaga murfi a mota, ƙamshin gona ya bugi hancina, ƙasar kuwa sai motsi take yi.

Ba a ranar Magajiya ta ci ba. Ta yi nisa, babbar tsutsa ta fi ƙarfinta. Na ɗan ɗaga mata zafin ruwa kaɗan-kaɗan, na riƙa zaɓo 'yan ƙanana masu kaurin zare. A rana ta uku da hantsi na shafa mata ɗaya a baki, na jira, hannuna ya sage, na canza hannu. Can sai wuf. Na tsaya ina jiran ta tofar, ba ta tofar ba. Na zauna a ƙasa na jingina da bango, na daɗe ban tashi ba. Da na kira Baba na faɗa masa, cewa ya yi kada in yi murna in cika mata ciki, ɗaya a rana har mako biyu.

Baba bai dawo aiki ba. Kamfani ya rage ma'aikata, shekarunsa sun haura, takardar zamansa ta ƙare yana can. Gidajen da yake kula da dabbobinsu suka dawo hannuna. Na sake tayar da akwatuna shida, na kuma raba bokitai a gidaje bakwai, har da na wani direba ɗan Sudan da ba ya shuka komai, so kawai yake ya ga ɓawon kankana ya ɓace. Magajiya ta murmure ta yi ƙiba har ta fi da, ta koma halinta na sarauta, yau ta ci gobe ta ƙi.

Shekarar gasar kofin duniya aiki ya yi mana yawa. Otal-otal na Lusail kowa na son tankin kifi a zaure, masu haya kuma ana ta tashinsu ana ba 'yan kallo gidajen, kullum muna kwashe tanki daga wannan bene zuwa wancan. An rufe hanyoyi, sai na koma bin jirgin ƙasa da kulata a hannu. Ba ƙofar da mai gadi bai sa na buɗe kular ba, ba kuma wanda ya taɓa cewa in buɗe sau biyu. Ana cikin haka Baba ya kira ya ce 'yan'uwa sun haɗa masa tikiti, zai biyo magoya bayan Ghana, kwana goma. Ya ce shi ƙwallo bai dame shi ba. Ya riga ya gaya wa duk Zongo cewa yana da dabba a Doha da ta san shi, zai je ya ba ta abinci da hannunsa.

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Aksolotal ba ta san kowa ba, ni da na raine ta daga bakin kabari ma ba ta san ni ba, cikinta kawai ta sani. Ga ta a ƙoshe, sai ta yi kwana uku tana juya wa hantsaki baya. Na hango dattijon nan ya ƙetaro duniya bayan kusan shekara uku, ya sunkuya, ta juya masa jela. Ba zan iya kallon wannan ba. Saboda haka na ƙirga ranar zuwansa, na ɗauke mata abinci kwana huɗu.

Na ɗauko shi da safe daga masaukinsu. Ya rame, ya sa rigar 'yan ƙwallon Ghana a kan jallabiya, yana tafiya yana laluben matakala da ƙafa. Da muka shiga ɗan ɗakin bai kalli tanki ba tukuna, sai da ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga murfi yana shaƙa. Bai ce sun yi ba, bai ce ba su yi ba. Ya wanke hannu da ruwa zalla, ya zaɓi tsutsa da kansa daga tsumma, na miƙa masa hantsaki. Ya sa hantsakin a ruwa, bakinsa na ƙwanƙwasa gilas. Bai gama saukowa ba Magajiya ta taso daga ƙasa, wuf. Ya ɗauki ta biyu, wuf. Ta uku har da biyo hantsakin sama.

"Ka gani?" in ji shi. "Ya san ni."

Na ce ƙwarai kuwa, Baba. Ya ja kujera ya zauna gaban tankin, yana dariya yana share ido da gefen rigar ƙwallo, yana ba ta labarin Kumasi. Na fita na bar su.

Da la'asar na raka shi tashar jirgin ƙasa, za su filin wasa. Muna cikin tafiya a hankali, ya riƙe hannuna saboda cunkoso, sai ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Kwana nawa ka hana shi abinci?"

Na yi kamar ban ji ba. Ya matse mini hannu.

"Huɗu, Baba."

"Uku ya isa." Muka ɗan taka. "Kada ka sake. Ba don ni ba, ba don kowa ba." Muka ƙara takawa har bakin matakala. "Amma na gode."

Na shiga tare da shi. Jirgin cike yake da 'yan Ghana, da ganguna da tutoci, wani ya tashi ya ba shi wuri. Kafin mu kai tasha ta biyu ya tara mutanen Zongo wajen goma a kansa, yana ba su labarin dabbarsa da ta shekara kusan uku ba ta gan shi ba, amma yana sa hannu ta taso da gudu. Wani ya ce anya, Baba. Sai ya juyo ya nuna ni, ya ce ga wanda aka yi a gabansa nan, Kirista ne, ba ya ƙarya, a tambaye shi.

Na ce da idona na gani.